Vesna da Faifan da Na Rage wa Gudu

Shekara goma sha bakwai Vesna Trajkovska ta yi tana raba wasiƙu a unguwarmu ta Mayfield, kuma in ban da rana ɗaya, ban san lokacin da ta iso ƙofarmu kafin goma da kwata ko ta bar titinmu bayan goma da rabi ba. Matata Lorraine da ƙarar jan babur ɗin Vesna take ɗora ruwan shayi. Vesna doguwa ce mai faɗin kafaɗa, gaisuwarta ɗaga yatsu biyu ce ba tare da ta saki kan babur ba. Farfesa take ce mini. Na gaya mata fiye da sau ɗaya cewa ni ma'aikacin awo ne, shekara talatin na yi ina auna zurfin tashar jiragen ruwa ta Newcastle, ban taɓa tsayawa gaban aji ba. Ta ce duk wanda yake rataye tabarau biyu a wuya Farfesa ne, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Abin da na sani na rayuwarta, wani a bakinta na ji, wani a bakin mahaifiyarta, wani kuma a cikin faifai guda mai waƙa takwas.

A nan Mayfield aka haife ta. Mahaifinta daga wani ƙauye na Makidoniya ya zo, ya shiga masana'antar ƙarfe kamar kusan duk mazan layinsu, ya zama wakilin ƙungiyar ƙwadago a sashensa. Idan za a tafi yajin aiki, shi ne yake hawa kan durom ya ɗaga murya ya ce, "Kowa waje." Kawunta kuma makaɗin biki ne, mai babbar ganga da ake ratayawa a kafaɗa, a buga gefe ɗaya da gora, ɗaya gefen da tsinke. Rawarsu ta zobe ce, ana riƙe hannu, kuma bugunta bakwai-bakwai yake tafiya, ba huɗu-huɗu ba. Mahaifiyarta ta ce mini tun Vesna tana shekara tara take gyara wa kawun kuskure daga inda take zaune, da cokali a kan tebur, har ya ce ko a raba yarinyar nan da cokalin ko a ba ta gangar. Aka ba ta gangar. Tana shekara goma sha biyar ta samu tsofaffin gangunan zamani, ta kafa su a garejin gidansu tsakanin kwalaben markaɗen tattasai da uwar take dafawa duk kaka. Uwar ta ce kwalba uku suka faɗo daga kanta a shekarar farko, daga nan sai ta riƙa ɗaure su da igiya, don ta ga babu alamar yarinyar za ta daina.

Da aka rufe masana'antar a 1999, tsakiyar gari ta cika da shagunan da babu kowa. Matasa suka riƙa shiga suna kafa abin da suka ga dama. A wani tsohon shagon darduma ne Vesna da abokanta uku suka haɗa ƙungiyar da suka sa wa suna Akawunan Kooragang, ko da yake babu akawu a cikinsu, kuma ba wanda ya taɓa aiki a tsibirin da ake kira Kooragang ɗin. Kiɗansu irin wanda ake kira pank ne, mai kaushi da tsiwa, amma an ɗora shi a kan bugun rawa. Yadda ita take faɗa, kiɗa ne da ƙafa take ji kafin kunne ya gama yanke shawara. Agogo ne sunan da 'yan ƙungiyar suke kiranta da shi. Yawancin wasanninsu ranar Lahadi da yamma suke yi, a kulob ɗin tsofaffi masu gara ƙwallo a ciyawa, saboda nan ne kaɗai ake barin 'yan makaranta su shiga.

A 2005 suka ɗauki faifansu ɗaya tilo cikin kwana uku. Babu kamfanin da ya tsaya musu. Kwafi ɗari biyar suka buga, kwalin ma da hannunsu suka yi masa fenti, suka sa masa sunan kiran mahaifinta, Kowa Waje. Bayan shekara biyu ƙungiyar ta watse ba tare da faɗa ba. Mawaƙiyarsu Kerrilee ta koma Perth ta zama ma'aikaciyar jinya, mai babbar jita, wato mai kaurin sauti, ya samu haihuwa, Vesna ta shiga gidan waya. Ta auri wani ma'aikacin jirgin da ke jan manyan jiragen ruwa, suna da 'ya ɗaya. Ba ta maganar wancan zamani da kewa. Ta ce sun yi abin da suka je yi, sun yi shi daidai, sun tashi.

Duk wannan ban san shi ba a shekarun da take wucewa ta ƙofarmu. Ga yadda aka yi na sani.

'Yarmu Tamsin ta rasu a watan Maris na 2022, tana da shekara talatin da biyu. Takan je iyo da safe kafin aiki. Ran nan igiyar ruwa ta ɗauke ta daga kan duwatsun da ke kudu da wurin wanka na Merewether. Mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta cewa haɗari ne. Ni na je kwashe kayanta a gidan da take zaune, domin Lorraine ta ce ba za ta iya ba. A kan teburin kicin na tarar da wani faifai a cikin kwalinsa, an liƙa masa 'yar takarda ruwan ɗorawa da rubutunta: "Baba, ka tambaye ni yadda nake. Ga amsa. Haka nake kowace safiya. T."

Na tuna tambayar. Ranar Kirsimeti na yi mata ita a bakin mota, watanni kaɗan bayan rabuwarta da wanda suka yi shekara shida tare. Ta yi dariya ta ce za ta kawo mini amsa.

Na kawo faifan da garmahonta gida. Da zan haɗa shi, na ga abu biyu da ba su yi mini daidai ba. Maɓallin gudu yana kan juyi arba'in da biyar a minti, alhali duk babban faifai da na taɓa mallaka, na goge da na fiyano, a talatin da uku yake juyawa, arba'in da biyar na ƙananan fayafai ne. Sa'an nan an liƙa 'yar tsabar santi biyar da salatif a kan hannun allura. Tamsin ba mai tsari ba ce, tun tana ƙarama nake bin bayanta ina rufe murafe ina kashe fitilu. Na mayar da maɓallin inda na san ya kamata ya zauna, na ɓare tsabar na ajiye a cikin wani ɗan faranti, na goge danƙon da barasar asibiti. Daga nan na ɗora allura.

Abin da ya fito murya ce ta namiji, mai kauri, tana jan kalmomi kamar wanda aka tasa daga jinya. Ganguna suna tafiya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. A waƙa ta uku mutumin yana maimaita layi ɗaya: ku kashe fitilun, ni ba inda za ni. Na ƙirga, sau goma sha huɗu yake faɗa. Minti talatin da biyar faifan ya yi, gaba da baya. Da ya ƙare na ninke takardar na sa a cikin akwatin kayan awona, inda Lorraine ba ta taɓa buɗewa.

Daga ranar nake ɗauke da abin ni kaɗai. Rahoto ya ce haɗari, ni kuma ina riƙe da wata shaida da rubutun hannunta da take cewa haka take kowace safiya, kuma da safe ta tafi. Lorraine ta samu wurin tsayawa a kan kalmar haɗari, ta koma aikin sa kai a shagon kayan taimako duk ranar Alhamis, tana cin abinci, tana barci. Idan na nuna mata takardar na sa mata faifan, zan janye abin da take tsaye a kai. Idan ban nuna ba, ina ɓoye mata kalmomin ƙarshe da 'yarta ta rubuta. Duk Alhamis, da ta fita, sai in sa faifan in zauna da takarda da fensir. Na rubuta baitocin. Na auna bugun waƙa ta uku da agogon awo, casa'in da takwas a minti. Na yi duk abin da ma'auni yake yi, ban da duba abin awon kansa.

Wata Alhamis a watan Fabrairu, saura sati uku a cika shekara, zafi ya sa na buɗe tagogin gaba. Waƙa ta uku tana tsakiya na ji babur ya tsaya, abin da yake yi kullum, sai kuma na ji an kashe shi, abin da bai taɓa faruwa ba. Vesna ta tako har bakin taga, hular kwano a kanta, wasiƙu a hannu.

"Farfesa," ta ce, "wa ya yi maka laifi da kake hukunta shi da wannan?"

Na ce kiɗa ne nake saurare, in ya dame ta zan rage.

"Na san kiɗa ne. Ni nake buga gangar. Wata goma ke nan ina wucewa duk Alhamis ina jin kaina ina jan ƙafa kamar tsohuwa a layin asibiti. Ban taɓa jan ƙafa ba a rayuwata."

Ban fahimce ta ba nan da nan. Ta sake faɗa a hankali, yadda ake yi wa wanda ya kasa cike fom: faifan nasu ne, ita da abokanta, sunanta yana bayan kwali in na duba. Na duba. A can ƙasa an rubuta Agogo, ganguna. Ta ce ita ce. Ta ce tun watan Afrilu ta ji shi, ta so ta yi magana, amma ita ce ta kawo mana katunan ta'aziyya, ta san kaurin ambulan ɗinsu, sai ta ce a bar mutum da abin da yake yi. Yau dai ta kasa haɗiyewa.

Tambayar da ta fara zuwa bakina ita ce wane ne mutumin da yake waƙar, kuma yana raye.

"Wane mutum? Kerrilee ce. Ko kafaɗata ba ta kai ba, muryarta kamar farin aku an taka masa jela. Tana Perth tana yi wa mutane allura, ƙiba ma ta yi." Ta leƙo kanta ta taga ta hango garmahon. "A nawa ka sa shi?"

Na ce talatin da uku, babban faifai ne.

Ta dubi agogon hannunta, ta dubi jakunkunan da ke kan babur, ta dube ni. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta zaga ta ƙofa, ta cire takalmanta a kan dandamali kamar yadda ake yi a gidan uwarta, ta shigo da safa. Kafin ta taɓa komai ta tambaye ni bugu nawa na ƙirga, don ta ga agogon awo da takardu a kan tebur. Na ce casa'in da takwas. Ta ce waƙar nan ɗari da talatin da biyu ce, ko a mafarki aka tashe ta za ta buga ta a haka. Na yi lissafin a kaina kafin yatsanta ya kai maɓalli. Tazarar talatin da uku da sulusi zuwa arba'in da biyar, idan aka ɗora ta a kan casa'in da takwas, ɗari da talatin da biyu take bayarwa da 'yan ɗigo.

Ta juya maɓallin zuwa arba'in da biyar, ta mayar da allura farkon faifan.

Zan faɗi abin da na ji yadda na ji shi, ko da yake na saurare shi sau da yawa tun daga ranar, kuma yanzu na san shi fiye da duk wani faifai da ke gidan. Waƙar farko da ganga kaɗai take farawa, bugu huɗu a tsaye, babu ado. Sai babbar jita ta shigo da sauti uku kacal tana zagaya su, kuma a cikin zagayen nan ne duk waƙar take zaune. Ƙaramar jitar ba ta rera komai, karta take yi, kamar ana goga cokali a bayan tukunya, tana faɗowa a tsakanin bugu ba a kansa ba. Sai kuge. A talatin da uku na ɗauka ƙararrawar coci ce daga nesa. Ashe ƙarfe ne ake duka da sanda a gaban hancinka. Sannan muryar ta faso, siririya, mai tsiwa, yarinya ce tana yi wa wani shaƙiyanci tana kusa da fashewa da dariya. Waƙa ta biyu a kan bugu bakwai take, na bikin kawunta, an ɓoye shi a ƙarƙashin bugun rawa yadda ba za ka gane ba sai ƙafarka ta rasa mataki ɗaya ta same shi a gaba. Vesna tana tsaye da hannu a ƙugu, yatsun ƙafarta suna aiki a cikin safa. Ta ce wannan ita ta rubuta, kuma har yau ba ta ji wanda ya kwaikwaya ya yi daidai ba.

Da waƙa ta uku ta zo, na ji layin da na ƙirga sau goma sha huɗu. Kalmomin ba su canza ba. Ku kashe fitilun, ni ba inda za ni. Amma yanzu mutum huɗu ne suke ihunsa tare, ana tafi a baya. Vesna ta ce labarin manajan kulob ɗin tsofaffin ne, wanda yake kashe musu wuta ƙarfe shida daidai don a shirya tebura na cin abinci, su kuma su ci gaba da ganga da kuge, tunda waɗannan ba sa bukatar lantarki, yara suna rawa har sai ya fito da tsintsiya.

Fuskar farko ta faifan minti goma sha uku ce. Da allura ta kai ƙarshe, Vesna ta ɗaga faifan ta karkata shi wajen haske, ta ce in sa tabarau na biyu. A filin da babu layi, tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, akwai rubutu da aka karta da tsinin ƙarfe. Ta ce al'ada ce, duk wanda ya buga faifansa yakan bar saƙo a wurin, kuma duk mai sayen irin waɗannan fayafai nan yake fara dubawa. Nasu cewa ya yi: arba'in da biyar, sakarai. Sun zaɓi wannan gudun ne don babbar jita ta fi cika a kansa, kuma ba su buga shi a kwali ba don suna ganin wanda bai san inda zai duba ba, ba da shi ake ba.

"Shekara ashirin da 'yan kai muke da su a lokacin," ta ce. "Ka yi haƙuri da sakaran. Ba mu san kai za ka karanta ba."

Na je na buɗe akwatin awo na ɗauko takardar. Ita ce mutum ta farko da ta gan ta bayan ni. Ta karanta, ta daɗe tana kallonta fiye da yadda layi uku suke bukata. Na tambaye ta ko ta san Tamsin, ko ta tuna ta a cikin yaran kulob ɗin, a lokacin tana shekara goma sha shida, doguwa, mai jan gashi. Ta ce a'a. Ta ce yara ɗari suke zuwa, ita kuma tana can baya, ba abin da take gani sai ƙeyar Kerrilee, ba za ta ƙirƙiro mini abin da ba ta gani ba. Ta ce ba ta san abin da ya faru a kan duwatsun ba, kuma faifai ba zai gaya wa kowa ba. Amma faifan kansa tana iya karanta shi. Ta nuna mini yadda layukan waƙa ta biyu da ta uku suka yi toka-toka saboda yawan sawa, sauran suna baƙi. Ta nuna mini ƙananan karce a gicciye, inda allura ta sha yin tsalle. Sai idonta ya faɗa kan farantin da ke gefen garmahon.

"Wannan fa?"

Na ce a kan hannun allura na same ta, na cire.

"Da salatif?"

Na ce da salatif.

Ta ɗauki tsabar ta juya ta a tafin hannunta. Ta ce a gidajen katako irin namu, idan mutum yana dirkar ƙasa, daɓe yana motsi, allura sai ta yi ta tsalle. Maganinsa a ɗora mata nauyi kaɗan. Kowa a cikinsu ya yi, yana cinye faifai amma ba wanda ya damu.

"Farfesa, wanda zai zauna a kujera ya yi tagumi, me zai yi da tsaba a kan allura? Yarinyarka tsalle take yi. Maƙwabtanta na ƙasa za ka tambaya, su suka sha wahala."

Na tambaye ta ko ta tabbata maɓallin ba kuskure ba ne, wato ko Tamsin ma wani lokaci a hankali take sa shi. Ta ce ni na gaya mata da bakina a inda na tarar da shi. Gaskiya ta faɗa. A arba'in da biyar na tarar da shi, yatsana ne ya sauya.

Ta ƙi zama ta sha shayi, amma ta ƙi tafiya sai an juya faifan, don a cewarta ba a barin sa a rabi. Ta saurari fuska ta biyu a tsaye. A waƙa ta shida ta ɗaga yatsa ta ce in ji, kugen ya makara da ƙiris, Kerrilee ce ta nace sai ita za ta buga, shi ne aibi ɗaya da ke cikin faifan, kuma ba nata ba ne. In ban da wannan, ta ce, ba a yi faifan da ya fi shi a garin nan ba, ta saurari sauran. Ta nemi salatif, na kawo, ta mayar da tsabar inda take da hannunta. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar ta ta da babur. Wannan ce rana ɗayar da na faɗa tun farko. Wata tsohuwa a ƙarshen layi ta tare ta tana tambaya ko lafiya, ta ce mata gyaran agogo ta tsaya yi.

Lorraine ta dawo ƙarfe huɗu. Na bar ta ta ajiye jaka ta wanke hannu, sa'an nan na ba ta takardar, na gaya mata inda na same ta da ranar da na same ta. Ta karanta a tsaye. Ban jira ta tambaya ba, na sa faifan. Kafin babbar jita ta gama zagayen farko ta zauna a hannun kujera ta ce ai wannan mai kugen nan ne. Ta ce shekarar da Tamsin take aji na kusa da ƙarshe, kullum kafin makaranta sai ta sa shi, ni na riga na fita tun asuba zuwa jirgin awo, ita kuma tana buga mata bango da tsintsiya. Tsagar da ke silin ɗin falo, wadda na sha cewa ƙasa ce ta motsa, daga tsallen Tamsin ta samo asali.

Sai ta tambaye ni dalilin da ya sa sai yau. Na gaya mata duka, har casa'in da takwas ɗin. Ta ce, "Wata goma sha ɗaya, Desmond. Kai ka yanke mini abin da zan iya ɗauka." Na ce haka ne. Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba sai ta dole, kuma ban ga laifinta ba. A rana ta biyar na sauko na tarar da takardar a jikin firiji, an danne ta da maganaɗisu, kusa da jadawalin kwashe shara. Tana nan har yanzu.

Ban san abin da ya faru a kan duwatsun ba, kuma na daina cewa na sani. Abin da nake da shi rahoto ne da ya ce haɗari, da amsar da 'yata ta ba ni ga tambayar da na yi mata a bakin mota, minti ashirin da shida ce idan an sa ta a gudunta.

Vesna tana nan tana raba wasiƙu, yanzu a kan keken lantarki mai ƙafa uku da ta ce ba shi da murya, Lorraine kuma ta koma duba agogo kafin ta ɗora shayi. Gwiwarta ta dama tana damunta, ta ce ta ganga ce ba ta aiki ba. Duk kaka takan ajiye mana kwalbar markaɗen tattasai a cikin akwatin wasiƙu ba tare da takarda ba. Ranar Alhamis Lorraine ta daina fita da wuri, sai an gama fuskar farko. Makon jiya Vesna ta tsaya a bakin akwati ana tsakiyar waƙa ta biyu, ta saurara, ta ƙwanƙwasa bugu bakwai a kan murfinsa da ƙashin yatsa, ta ce allurar ta fara mutuwa, in canza ta kafin ta cinye mata ganguna, sannan ta wuce gida na gaba.